Talla ta kawo mutum inbok, daga nan sai me?

Ɗan Talla:
Assalamu alaikum jama'a. Kusan kullum maganar ɗaya ce a nan, yaya zan yi tallata ta kai ga mutane da yawa, wane lokaci ya fi kyau a ɗora hoto, nawa zan zuba wa Facebook ko Instagram. Amma ban cika ganin wanda ya tambayi abin da ke faruwa bayan mutum ya ga tallar ya danna ya shigo inbok ba, kuma ni a ganina a nan kuɗin yake tsiyayewa. Ka biya an kawo maka mutum har bakin ƙofa, ya yi sallama, kai kuma sai bayan kwana biyu ka ce masa "available". A 2011 mujallar Harvard Business Review ta buga wani bincike da aka yi kan kamfanoni 2,241 a Amurka, an tura musu saƙon neman bayani ta intanet kamar mai son saye ne, aka zauna ana duba agogo. Kashi 37 cikin ɗari ne suka amsa cikin awa ɗaya, kashi 23 kuwa ba su taɓa amsawa ba, waɗanda suka amsa ɗin ma da aka haɗa lissafi matsakaicin jiran ya kai awa 42. Kuma masu binciken sun gano wanda ya tuntuɓi mutum cikin awar farko ya fi wanda ya ƙara jinkirin awa ɗaya kacal samun magana mai ma'ana da shi kusan ninki bakwai. Manyan kamfanoni ke nan masu ma'aikata. To mu fa? Ina so mu tattauna, masu sayarwa da masu saye duka.

Ummu Khairat:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa maganarka gaskiya ce amma ka yi mana adalci. Ni kaɗai ce, ni ce mai ɗaukar hoto ni ce mai ɗaure kaya ni ce mai bin direba a waya, ga hidimar gida ga yara, sannan yawancin masu shigowa inbok ɗin nan wlh ba saye ya kawo su ba. "Nawa?" ka faɗa, shiru. Wani sai ya sa ka turo masa hoton jaka kala-kala ta gaba ta baya ta ciki, ka ɓata data ka ɓata lokaci, ƙarshe ya ce bari ya yi shawara, shawarar da ba a gama ta har tashin duniya. In na ce kowa sai na amsa masa cikin awa ɗaya to barci ma ba zan yi ba.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya ai ku kuka jawo "nawa?" ɗin. Ku sa hoto ba farashi, a tambaya a kwamen ku ce DM, wato a shigo inbok. Me ya sa? Ni dai da na ga "DM for price" wucewa nake, ko kayan sun burge ni.

Anty Mai Takalma:
Kai yaro ba ka sana'ar shi ya sa. Ka sa farashi a fili yau, gobe wata ta kwafe hotonka ta rage kaɗan ta ɗora a nata shafin. Ga kuma kaya kullum cikin canja kuɗi suke, hoton da ka ɗora wata uku baya wani zai zaƙulo shi ya ce shi a haka ya gani a haka zai biya. Kuma in mutum ya shigo inbok ai ka samu damar lallashinsa.

Abu Safwan:
Anty da girmanki amma ban yarda ba. Wadda za ta kwafi farashinki ai ba ta rasa hanya, layi na biyu kawai za ta ɗauka ta tambaye ki kamar kwastoma, ki faɗa mata da hannunki har da "ranki ya daɗe". Wanda kike ɓoye wa a zahiri shi ne mai sayen gaskiya. Kuma abin da mai saye yake rayawa a ransa in ya ga an ɓoye kuɗi shi ne, wato sai an kalli hotona na furofayil a ga irin motar da na jingina da ita kafin a yanka min. Ko ba haka kike yi ba zargin ya riga ya shiga. Maganar canjin kuɗi kuwa akwai katalog a WhatsApp Business, ki sa kayan da hoto da bayani da farashi, in ya canja wuri ɗaya za ki gyara, a talla ki sa mahaɗin katalog ɗin kawai. Sannan ki lura, da ke da Ummu Khairat matsalarku ɗaya ce ta fuska biyu, ita tana kukan masu "nawa?" sun cika mata inbok, ke kuma kina gayyato su da kanki.

Anty Mai Takalma:
To Abu Safwan na ji. Amma lallashin fa? Akwai wanda in ya ga kuɗin a fili gudu zai yi, in ya shigo muka yi magana ya ji ingancin kayan sai ya saya.

Abu Safwan:
Ingancin ki rubuta shi a ƙarƙashin hoton mana, kowa ya gani har wanda ba zai taɓa shigowa inbok ba saboda kunya.

Malam Mai Zane:
Bari in sa baki a nan don namu ya ɗan bambanta. Mu masu aikin hannu irin zanen tambari ko gina shafi ba za ka iya cewa ga kuɗinsa ba sai ka ji me mutum yake so, wani tambari ɗaya yake so wani kuma har da katin kasuwanci da fosta da komai. Abin da nake yi shi ne ina rubuta "daga kaza yake farawa", in mutum ya shigo kuma ba na tsayawa dogon gaishe-gaishe, na gaishe shi na jero masa tambayoyina a saƙo ɗaya, sunan sana'ar, me ake sayarwa, yaushe ake buƙata. Wanda ya zo da gaske zai amsa, ɗan yawon buɗe ido kuma a nan yake sauka. Abin da na fi tsana shi ne hirar nan ta ɗiga-ɗiga, slm, jira, ya kake, jira, ya aiki, jira, sai an yi saƙo goma ba a zo kan magana ba. Mu masu sayarwa ma muna yi, mutum ya yi tambaya uku mu amsa ɗaya.

Ɗan Talla:
Wannan na ƙarshen Malam, Allah ya biya. A tambaye ka akwai baƙi, akwai lamba 42, kuma kuna kaiwa wani gari, ka ce "eh". Eh ɗin wanne?

Ummu Khairat ba cewa na yi ki kwana kan waya ba. WhatsApp Business tun Janairun 2018 ya fito kuma kyauta ne, amma da yawanmu sauke shi kawai muka yi muka ci gaba da amfani da shi kamar na hira. Akwai saƙon maraba da yake tafiya da kansa in sabon mutum ya yi magana, akwai saƙon "ba na kusa" da za ki saita masa lokaci, akwai amsoshin da za ki rubuta ki ajiye, ki danna alamar / kawai su fito ki zaɓa, lambar asusu, yadda ake auna ƙafa, sharaɗin canji, duk abin da kike maimaitawa kullum. Akwai kuma alamomin da ake liƙa wa hira, wannan sabo ne, wannan ya biya, wannan an tura masa. Mutum ba ya jin haushin a ce masa "muna amsa saƙo daga ƙarfe kaza zuwa kaza", abin da yake ƙona masa rai shi ne rashin sanin ko akwai mai rai a bayan lambar. Facebook ma a alamar nan da suka yi ta shafin da ke saurin amsawa, ma'aunin da suka sa daga baya shi ne amsa kashi 90 na saƙonni kuma cikin minti 15, ba kowa zai iya ba, amma ya nuna miki abin da su kansu suka ɗauka da muhimmanci.

Baban Amira:
Ni ba na sayar da komai, saye nake, kuma na girmi yawancinku don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk wannan maganar saurin amsa da kuke yi, wallahi ba ita ce ciwon ba. Kafin a biya kuɗi kowa mai sauri ne. Ka tambayi kaya ƙarfe ɗayan dare za a amsa maka, Alhaji barka da dare, Alhaji akwai, Alhaji har da wata kalar. Ranar da alat ya shiga daga ranar ka zama maraya. An ce kaya za su iso Laraba, Laraba ta zo ta wuce ba kaya ba magana, ka tura saƙo ka ga layi biyu sun yi shuɗi ba amsa, ka kira a ƙi ɗauka, sannan abin da ya fi ciwo ka leƙa sitatus ka ga mutumin nan minti biyar da suka wuce ya ɗora sabbin kaya har da waƙa. To a wannan lokacin me kake so in ɗauka? Ba zan ce direba ne ya makara ba, cewa zan yi an damfare ni, don ni ban san ka ba ban san shagonka ba, ban taɓa ganin fuskarka ba, abin da kawai yake tsakanina da kai shi ne maganarka. In maganar ta yanke ba abin da ya rage.

Akwai wata yarinya da nake sayen kayan yara a wurinta, kayanta ba su fi na kowa ba kuma ba ta fi kowa sauƙi ba. Amma in za a samu jinkiri ita take fara faɗa min tun kafin ranar ta zo, "Baba kayan ba za su iso gobe ba, motar ba ta tashi ba, sai jibi, in kuma ba za ka iya jira ba in mayar maka da kuɗinka". Shi ke nan. Ban taɓa karɓar kuɗin ba, amma jin cewa zan iya karɓa shi yake sa in kwanta in yi barci. Ku riƙa kawo mummunan labari da kanku kafin a zo nema.

Ummu Khairat:
Baba wannan magana ta shige ni.

Anty Mai Takalma:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ba kowane kwastoma ne kamar kai ba. Akwai wanda kana ce masa an samu matsala zai ɗaga hankalinsa ya ɗaga naka, a dawo min da kuɗina yanzu-yanzu, alhali kuɗin na riga na biya wanda nake sara a wurinsa. Wani lokacin in ka yi shiru kwana ɗaya matsalar ta warware da kanta kayan su iso ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Me zai sa in tayar da ƙura a kan abin da zai wuce?

Baban Amira:
'Yata, in ya wuce kin ci. In bai wuce ba fa? Ranar da za ki zo yin bayani kin makara, don lokacin ba labari kike ba ni ba, kare kanki kike yi, kuma duk abin da kika faɗa kunnena ƙarya yake ji ko da gaskiya ce.

Tela Onlayin:
Anty ni ina ganin wanda zai yi ihun a dawo masa da kuɗi don an faɗa masa gaskiya, ihun da zai yi in ya gano da kansa ya ninka haka, kuma ba a inbok zai yi ba. Mu teloli an san mu da "gobe in sha Allahu" har ya zama abin tsokana, kuma abin da ke jawo shi ba mugunta ba ce, tsoron faɗin ranar gaskiya ne kada mutum ya tafi wurin wani. Ka san aiki zai ci sati biyu ka ce sati ɗaya don ka kama shi. To ka kama shi, sai ka yi sati guda kana ɓuya. Yanzu ni ƙara kwanaki nake a kan abin da na san zan iya, in na gama da wuri mutum ya ji daɗi, in wuta ta ba ni matsala ina da sarari. Wasu suna tafiya in sun ji ranar, Allah ya raka taki gona.

Mai Gyaran Waya:
Wasu kuma dabarar da suka samo ita ce kashe shuɗin layin gaba ɗaya 😂 tun 2014 da WhatsApp ya kawo shi yake tona asirin mutane. Amma ko ka kashe ai ana ganin kana ɗora sitatus.

Abu Safwan:
Tunda an zo nan bari in kawo maganar saƙon murya. Don Allah masu sayarwa, in na tambaye ku lambar asusu ko adireshi ko girman kaya, kada ku turo min murya ta minti huɗu. Ina cikin mutane ba zan iya saurara ba, kuma ranar da rigima ta tashi ba wanda zai zauna yana bin muryoyi ashirin yana neman inda aka ce ja ko aka ce ruwan hoda. Rubutu ana bincika shi da kalma ɗaya ya fito.

Ummu Khairat:
A nan kam ba na tare da kai ɗan uwa. Kwastomomina da yawa manyan mata ne, wata karatun bai zauna mata sosai ba wata idonta ne ba ya son ƙananan rubutu, in na rubuta mata dogon bayani ba za ta karanta ba kira za ta yi. Kuma murya tana da nata amfanin, mutum in ya ji muryarka ya san mutum ne ba ɗan damfara da ya saci hotuna ba, hankalinsa ya fi kwanciya. Haƙuri ma a murya ya fi shiga, "yi haƙuri" a rubuce wani sa'in kamar gatse yake fita.

Malam Mai Zane:
Ku duka biyun kuna da gaskiya kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. Ka bi mutum ta hanyar da ya zo, ya turo murya ka mayar da murya. Amma da zarar an daidaita kafin a tura kuɗi, saƙo ɗaya a rubuce: kaya kaza, kala kaza, guda kaza, jimlar kuɗi har da na kaiwa, ranar isowa, sannan ka ce "in haka ne ki ce min eh". Wannan saƙon shi ne shaidarka shi ne shaidarsa. Rabin faɗan da nake gani a kan kuɗin kaiwa ne, mai sayarwa yana ganin ai kowa ya san daban ne, mai saye yana ganin ai an haɗa, direba ya iso ƙofa sai a fara kiran juna.

Abu Safwan kai kuma ka danna 2x ɗin nan mai ninka saurin saƙon murya ka huta.

Yaya Babba:
Ina karantawa tun ɗazu. Abu ɗaya ban ga an taɓo ba, hoto ma magana ce. Ka ɗauki kaya a ƙarƙashin fitila ka ƙara masa fulta har kalar ta canja, ko ka ɗauko hoton kamfani na asali alhali naka kwaikwayo ne, to ka riga ka yi wa mutum alƙawarin da kayan ba za su cika ba tun kafin ka buɗe baki. Mai saye ta intanet ba ya taɓawa ba ya gwadawa, shi ya sa ma a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba shi kwana 14 ya fasa cinikin yawancin kayan da ya saya daga nesa ba tare da ya kawo dalili ba. Inda babu irin wannan dokar sai kai ka cike gurbin da bakinka, ka ce wannan yadin yana ɗan tsukewa in an wanke, wannan takalmin yana da matsi a ɗauki lamba ta gaba, wannan cajar ba ta saurin caji. Za ka ga kamar kana kashe wa kanka kasuwa amma kayan da aka dawo da su sun fi wanda ba a saya ba asara.

Anty Mai Takalma:
Wannan kam ina yi, maganar lamba musamman, don canjin takalmi ba ƙaramin ciwon kai ba ne.

To ga tambaya tunda yau ni aka sa a gaba. Wanda ya zo ƙarƙashin tallar da na biya kuɗi ya rubuta "kada ku saya 'yan damfara ne" saboda kayansa sun yi lattin kwana biyu, shi ma in bar shi? Ni gogewa nake in yi bulok.

Ɗan Talla:
Anty kafin ki goge ya riga ya yi skirinshot, sai ya zama yana da labari biyu, an riƙe masa kaya kuma an toshe masa baki. Amsar da za ki ba shi a fili ba don shi ba ce, don mutanen da suke karantawa ne ba sa cewa komai, su ne masu yawa kuma su ne masu kuɗin gobe. Ki rubuta gajere ba zafi, ka yi haƙuri an samu jinkiri, kayanka suna hanya za su iso ranar kaza, na turo maka bayani ta inbok. In sun isa ki dawo wurin ki rubuta sun isa. Wanda ya zo daga baya ya ga haka ya fi yarda da ke a kan shafin da kwamen ɗinsa duk "masha Allah" ne. Duba manyan kasuwannin intanet, eBay tun 1996 suka buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa suke ba juna shaida a fili, saboda sun gane baƙo ba zai tura wa baƙo kuɗi ba sai ya ga abin da wasu suka ce. Amazon kuma suna son mai sayarwa a dandalinsu ya amsa saƙon mai saye cikin awa 24, har da ranakun hutu. Zagi tsagwaronsa ko batsa daban, wannan ki goge ba wanda zai ga laifinki.

Ummu Khairat:
Yauwa gara da ka faɗi wannan. Don mu mata akwai abin da muke gani a inbok da ku ba ku sani ba, mutum ya fara da tambayar jaka ya ƙare da "kina da aure?" ko ya kira bidiyo tsakar dare wai yana son ganin kayan da kyau. Kada a ce kyakkyawar mu'amala ta haɗa da jure wannan.

Baban Amira:
Ko kusa. Wannan ba kwastoma ba ne, ki toshe shi ki ƙara gaba.

Mai Gyaran Waya:
Nawa ƙorafin shi ne masu jefa mutum guruf ba sallama. Ka sayi abu sau ɗaya, washegari ka tashi ka ga kanka a "VIP Customers" hotuna tamanin sun cinye maka data. Ka fita a sake sa ka.

Abu Safwan:
Kuma suna jawo wa kansu, in mutane suka yi ta kai rahoton lamba WhatsApp rufe ta yake yi, ka wayi gari duk hirarrakinka da kwastomomi sun tafi. Ko burodkas ɗin ma, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa kowa a inbok ɗinsa, da ake ganin ya fi guruf mutunci, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, wato manhajar da kanta tana ce maka sai wanda ya yarda. A wasu wuraren ma doka ce, a Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta wajabta duk imel ɗin talla ya zo da hanyar da mutum zai ce a daina turo masa, Turai kuma dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a Mayun 2018 da tara mai nauyi kan wasa da bayanan mutane. Kai da ba ka da lauya abin da ya fi sauƙi shi ne ka tambaya, "in sabbin kaya sun zo in sanar da kai?" Wanda ya ce eh ya fi mutum ɗari da ka kamo da ƙarfi.

Ɗan Kwamfuta:
Ni fa ina ganin nan da ɗan lokaci duk wannan muhawarar za ta zama tarihi, bot, wato manhajar da ke amsa saƙo da kanta, zai riƙa amsa komai dare da rana ba gajiya ba fushi.

Yaya Babba:
Ƙanina bot yana da kyau a "nawa ne" da "kuna buɗewa yaushe". Ranar da kuɗina suka fita kaya ba su zo ba, na rubuta damuwata ya ce min danna 1 don ganin sabbin kaya, ranar zan tsani kamfanin gaba ɗaya. Duk wanda zai sa bot ya bar ƙofar da mutum zai ce ina son magana da ɗan Adam, kuma kada a yi min wayo a sa masa sunan mace ana nuna kamar mutum ne.

Ɗan Kwamfuta:
Haka ne Yaya, amma ɗan Adam ɗin ma ai tsada gare shi. Kowa yana kawo misalin Zappos masu sayar da takalma a Amurka, da ma'aikacinsu ya taɓa yin sama da awa 10 a waya da kwastoma ɗaya, to su Amazon ce ta saye su tun 2009 suna da abin biyan albashi. Ummu Khairat ta yi awa 10 da mutum ɗaya wa zai ɗaure mata kaya?

Baban Amira:
Ba wanda ya nemi awa 10. Layi biyu na nema ranar Talata da daddare.

Ummu Khairat:
To jama'a tunda ana ciki ku taimaka min da wannan, yanzu haka yake hannuna. Wata ta biya kuɗin baƙar jaka jiya, ɗazu wanda nake sara a wurinsa ya ce baƙar ta ƙare sai ruwan ƙasa, kuma bai san ranar da za ta dawo ba. Ruwan ƙasan ma mai duhu ce sosai kusan ba a bambancewa a hoto. Me zan rubuta mata?

Anty Mai Takalma:
Ki tura mata hoton ruwan ƙasan ki yabe ta sosai ki ce ita ake yayi yanzu. Kada ki fara ambatar mayar da kuɗi, in kika ambata shi za ta ɗauka.

Malam Mai Zane:
A'a Anty. In ba ta ambata ba matar za ta ji kamar an riƙe kuɗinta ana tilasta mata. Ummu rubuta haka: "Hajiya barka da yamma, ki yi haƙuri, baƙar jakar da kika biya ta ƙare a wurin da nake ɗaukowa kuma ba ni da tabbacin ranar da za ta dawo. Ga ruwan ƙasa irinta sak, na ɗauki hoton a hasken rana don ki ga ainihin kalar. In ta yi miki in turo gobe, in ba ta yi ba in mayar miki da kuɗinki yau." Kada ki ƙara komai, kada ki ba ta tarihin dila da mota.

Tela Onlayin:
Kuma kada ki ce "za ta dawo sati mai zuwa" don ki kwantar mata da hankali tunda ba ki sani ba.

Ummu Khairat:
Na tura kamar yadda Malam ya rubuta. Ta amsa, wai baƙa take so saboda takalmin da za ta haɗa da ita, a mayar mata.

Anty Mai Takalma:
Kun gani ko? Ciniki ya tashi.

Baban Amira:
Mayar mata yanzu 'yata kada ki kai dare, cif-cif ba cire ko sisi, ki tura mata shaidar turawa.

Ummu Khairat:
An gama Baba. Ta ce alat ya shigo, ta ce kuma in baƙar ta dawo in yi mata magana. Abu Safwan ina ake ƙirƙirar sabuwar alamar nan ne? Waɗanda na gani a ciki ba wadda ta dace da mai jiran kaya.

Abu Safwan:
Danne hirar tata ki riƙe, alamar za ta fito a sama, ki gangara ƙasan jerin akwai wurin ƙara sabuwa. Ki sa mata suna "jiran baƙar jaka" ba "jira" kawai ba, don nan da wata ɗaya ba za ki tuna me take jira ba.